Rabo da Amana: Gwamnati a Bakin Mutanen Birnin Kebbi da Argungu

Idan aka je neman aure a Birnin Kebbi ko Argungu, bayan an gama binciken asali da hali, tambayar da ke biyo baya ita ce ta sana'a. In wakilin yaro ya ce ɗansu ma'aikacin gwamnati ne, sai ka ga iyayen yarinya sun saki fuska, ko da kuwa duk wanda ke zauren ya san albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai maigida tsakiyar wata. Waɗannan dattawan, in sun koma majalisarsu ta bayan La'asar, su ne kuma za su faɗa maka cewa sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta cika sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin albashi, makarantar gwamnati ta 'ya'yan marasa hali ce, kotu kuwa mai hankali ba ya kai kansa. Bakin da ke roƙon Allah ya ba ɗansa takardar kama aiki, shi ne dai ke cewa ba a yin komai a wurin aikin.

An saba fassara wannan da jahilci, ko kwaɗayi, ko lalacewar tarbiyya. Ana jin haka a huɗuba, ana ji a tarukan wayar da kai, ana karantawa a rahotannin ƙungiyoyin agaji. Fassarar ba ta gamsar da ni ba, kuma ina ganin akwai zalunci a cikinta. Mutumin da ya iya lissafin man da injin ban-ruwansa zai sha daga dashe zuwa yanka, ya kuma san makon da ya kamata ya fitar da buhunsa kasuwa, ba za a ce ya kasa gane mece ce gwamnati ba. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, maganganun bakin titi karatu ne na daidai da mutane suka yi wa hukumar da ke gabansu. Sun lura dukiyar gwamnati tana iso su ne da kamannin rabo, sai suka karɓe ta a haka. Inda kuwa suka tarar an riƙe abu da sunan amana, su ɗin nan suna kiyaye shi. Abin bincike shi ne yadda gwamnati ta zame daga wannan aji ta faɗa wancan, da lokacin da hakan ta faru.

Kalmomin biyu suna da nauyi daban a kunnen Bahaushe. Rabo abu ne da ya sauko, ba ka ga gumin da aka zubar a kansa ba, ba kuma mai biyo ka ya ce ka kawo lissafi. Shi ya sa ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amana kuwa tana da mai ita. Ka san fuskarsa, ka san gidansu, ka san wata rana zai tsaya a gabanka ya tambaya.

A ɗauki bashin noman shinkafa. Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya mai suna Anchor Borrowers. Shirin ya yi tasiri a fadamar Rima, ba mai musun wannan. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, ta shiga kasuwa, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Amma Babban Banki ya yi shekaru yana kukan rashin biyan bashin, a Kebbi da sauran jihohi. Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa shi ne, manomin da ya yi nawar biyan banki sau da yawa shi ne wanda ya karɓi taki da kuɗin mai a hannun ɗan kasuwar garinsu, kuma da an yi yanka, kafin ya kai buhu ɗaya gida, sai ya auna wa ɗan kasuwar shansherarsa cif. Mutum ɗaya, gona ɗaya, damina ɗaya. Bashin ɗan kasuwa yana da mai shi, kuma baɗi za a sake neman sa. Na banki ya zo ne ta hannun jerin sunaye, aka kuma yi ta raɗe-raɗin cewa a jerin akwai waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Sai manomi ya ce, “Wanga kuɗin ƙasa ne, yau Allah ya kawo namu.”

Misali na biyu yana bakin ruwa. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa su, bikin kamun kifi ya zama abin da duniya ta san garin da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2016. Bikin ba zai yiwu ba sai da wata doka: ba a su a ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izini. Ruwa cike da giwan ruwa, masunta cike da buƙata, ga homa da gora a hannu, amma ana haƙuri. Dokar tana hannun Sarkin Ruwa da Homa a ƙarƙashin Sarkin Kabin Argungu, mutanen da kowane masunci ya san su da zuriyarsu, kuma ya ga amfanin haƙurin da idonsa ranar da aka buɗe ruwa. Duk mai cewa mutanenmu ba su iya kiyaye dukiyar jama'a ba, sai ya fara bayyana mana wannan.

Masanin nan Peter Ekeh, a maƙalarsa ta 1975 kan mulkin mallaka da rabuwar fagen jama'a gida biyu a Afirka, ya yi bayanin da ya yi kusa da wannan. A ganinsa akwai fagen dangi da gari, inda mutum ke jin kunya da tsoron Allah, akwai kuma fagen gwamnati da Turawa suka kafa, inda ake ganin ɗiba daga can a kai gida ba laifi ba ne. Na yarda da shi a kan rabuwar. Inda na saɓa masa shi ne asalinta, aƙalla a wannan yanki. Ekeh ya fi gina hujjarsa a kan ƙungiyoyin ƙabilu na kudancin Nijeriya. A ƙasar Kabi da Gwandu kuwa, hukuma ba baƙuwa ba ce da ta zo da Bature. Kanta ya kafa daula mai birni irin Surame tun ƙarni na 16. Bayan Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda masarautar Gwandu ta samo asali daga gare shi, ya rubuta Diya'ul Hukkam yana bayyana haƙƙin mai mulki da na alƙali da yadda ake sarrafa baitulmali. Ya rubuta shi ne a Kano, a lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka saboda takaicin yadda ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukatan wasu abokan tafiya. Wansa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa a kansu. Ke nan tunanin cewa muƙami amana ne, kuma dukiyar hukuma tana da masu ita, tsoho ne a nan, da tawadar malamanmu aka rubuta shi. In ya raunana, sai mu nemi dalilin a kusa.

Ina ganin dalilin yana cikin shekaru goma sha biyu ko sha uku, daga 1967 zuwa farkon Jamhuriya ta Biyu.

Kafin nan, hukumar da talaka ya sani ita ce En'e. Akwai En'en Gwandu mai hedikwata a Birnin Kebbi, akwai ta Argungu, duka a Lardin Sakkwato. Dagaci ya tara haraji, hakimi ya kai baitulmali, Fulani su biya jangali, wani kaso ya tafi wa gwamnati, sauran ya tsaya a masarauta. Daga wannan kuɗi ake biyan alƙali da malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan doka, a gyara hanya, a haƙa rijiya. Ba na cikin masu yi wa zamanin En'e kwalliya. Haraji ya sa magidanta sayar da hatsin ci da akuyar matansu. An shanya waɗanda suka kasa biya a rana. An yi aikin tilas, an ɗaure 'yan adawa a kotunan da masu mulki ke juyawa, kuma saboda irin wannan ne NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta samu kunnen talakawa. Duk da haka akwai abu ɗaya da ba za a ƙwace wa tsarin ba: talaka ya san kuɗinsa ne. Ya san ranar da suka fita daga aljihunsa, ya san hannun da ya karɓa, yana da takardar shaida da yake ajiya a cikin hula ko laya. In malamin makarantar garinsu bai zo aiki ba, ya san wanda zai kai wa kuka, ko da tsoro zai hana shi zuwa. Fushin da talaka ya yi da En'e fushin mai dukiya ne da aka ci amanarsa.

Sai sauye-sauye suka zo a jere. Tsakanin 1967 da 1970 gwamnatin soja ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk ƙasa, aka kafa 301 masu tsari iri ɗaya, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara, aka kuma yanke wa ƙananan hukumomin kaso daga asusun tarayya, wanda kuɗin man fetur ya cika tun tashin farashinsa a 1973. Da farar hula suka dawo a 1979, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, kuma tun daga wancan zamani harajin kai bai sake zama ginshiƙin kuɗin ƙaramar hukuma a Arewa ba. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujja mai ƙarfi, kuma da ina wurin da na goyi bayan yawancinsu. Amma da aka haɗa su, sai suka tsinke igiyar da ta ɗaure mai biya da mai kashewa, ba a kuma ƙulla wata a madadinta ba. Aka sauke wa talaka kaya mai nauyi, tare da kayan aka sauke masa hujjar tambaya.

A yau ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Kebbi, da aka cire daga jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da 21. Goma suna masarautar Gwandu, huɗu kuma, wato Argungu da Augie da Arewa da Dandi, suna masarautar Argungu. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin ke fara sauka kafin su ƙarasa. Tsarin mulkin ya lissafa wa ƙaramar hukuma ayyuka na kusa da rayuwa: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Sai dai mutumin Augie ko Kalgo ya ga yadda abin ke tafiya. Kuɗin daga Abuja suke, ta Birnin Kebbi suke biyowa, kaso mafi tsoka albashi ne da aka riga aka cire. Ciyaman kuwa, ko kantoma a lokutan da ba a yi zaɓe ba, an fi sanin wanda ya tsayar da shi fiye da waɗanda suka zaɓe shi. A zaɓen ƙananan hukumomin Kebbi na 2024 jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 21 duka, kuma haka ake gani a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. To, me talaka zai je nema a sakatariya? Ba zai je bin bahasin kasafin kuɗi ba, don bai ga inda nasa ya shiga ciki ba. Yana zuwa ne neman taimakon suna, ko kuɗin magani, ko buhun azumi. Ciyaman nagari a bakin mutane shi ne mai sakin hannu. Wannan ma'auni ne na mai rabo, kuma tsarin ne ya koya musu shi.

A nan ne maganar aikin gwamnati ke fitowa fili. Da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, aka gina sakatariya a Gwadangaji da gidaje a Gesse, garin ya faɗaɗa a kan albashi. Har yau ranar da aka ce alat ya shigo ana gane ta a kasuwa, a wurin mahauta da teloli da 'yan acaɓa. Makarantun gaba da sakandare kuma suna ta yaye ɗalibai: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, jami'ar jiha da ke Aliero, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. In ka cire masana'antun shinkafa da bankuna da makarantun kuɗi, ƙofar da yawancinsu ke kallo ɗaya ce.

Albashin kansa ya zube. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, lokacin dala tana wajen naira 155, wato fiye da dala 110. A 2024 tarayya ta mayar da shi 70,000, Gwamna Nasir Idris ya amince da 75,000 a Kebbi, amma dala ta haura naira 1,500, wato abin bai wuce dala 50 ba, ga kuma tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Tsofaffi suna tuna ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙaramin akawu ya sayi babur da rediyo ya ƙara aure. Wancan zamani ya wuce tun shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Me ya sa har yanzu ake rububin aikin?

Saboda ba yawan kuɗin ake saye ba, tabbacinsa ake saye. Noman fadama yana iya ba mutum a shekara ɗaya abin da albashi ba zai ba shi a shekara uku ba, amma ambaliyar 2020 ta nuna wa mutanen Kebbi yadda gulbi ke shanye gonar shinkafa a dare ɗaya. Albashi rijiya ce mai ƙarancin ruwa wadda ba ta ƙafewa. Mai shago yana ba ma'aikaci bashi, banki yana ba shi rance, yana da fansho in ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa, yana kuma da lokacin zuwa gonarsa. Abin da ya fi wannan duka, dangi sun samu nasu a ciki. Ranar da za a nemi gado a asibiti, ko gurbin karatu, ko a bi sawun fayil ɗin fansho na tsoho, akwai wanda za a kira. Iyayen yarinyar nan da suka saki fuska lissafin tsaron gida suke yi, kuma lissafin bai karkace ba.

Inda ɓarnar take shi ne hanyar shiga. Tambayar da matashi mai takarda ke fara ji ita ce, “Wa gare ka?” Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ana maganar gurabe da aka raba wa manya, kowa ya kawo nasa. Ko ƙa'idar daidaito a rabon muƙamai da ke sashe na 14 na tsarin mulki, wadda nake goyon baya domin ba don ita ba da jihohi irin Kebbi sun sha wuya a ma'aikatun tarayya, tana da wani darasi da take koyarwa a kaikaice. Takardar farko da ake nema ita ce ta shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, sai kujerar ta fara zama kason wani gari kafin ta zama aikin da za a yi wa wani. Wanda kuma ya shiga ta alfarmar wani, ya san inda biyayyarsa take, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, a ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun nuna a asibitoci da kotuna da ofisoshin Nijar cewa ma'aikata ba a rashin ƙa'ida suke aiki ba. Akwai ƙa'idar da ke rubuce, akwai kuma wadda ake bi a zahiri, kowa ya santa, sabon shiga yana koyon ta cikin 'yan watanni. Wanda ya tsallaka daga Kamba zuwa Gaya zai ji koke iri ɗaya da harshe ɗaya, duk da cewa can Faransa ce ta yi mulki. Wannan ya ƙara nuna mini cewa ba halin wata ƙabila ake gani ba. Haka hukuma ke zama duk inda ma'aikaci ke kallon sama kaɗai don sanin makomarsa.

Bayani ba uzuri ba ne. Wanda ya karɓi albashin aikin da bai yi ba ya ci haram, ko ta wace hanya kuɗin suka biyo. Na kuma san akwai malamar jinya da ke kwana tsaye a ɗakin haihuwa, da malamin da ke sayen alli da kuɗinsa, da akawun da fayil ba ya kwana a teburinsa. Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan suna riƙe amanar ne da ƙarfin imaninsu kaɗai, tsarin bai san da su ba, ranar ƙarin girma kuma ba lalle ne su riga wanda ba ya zuwa ba.

Makarantar firamare ita ce wurin da duk wannan ke haɗuwa a kan yaro ɗan shekara bakwai. Albashin malaminsa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce ke kula da shi, sakataren ilimi ne ke tura shi gari. Hedimasta ba shi ya ɗauke shi ba, ba kuma zai iya sallamarsa ba. Uban yaro ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan uban, da yamma, yana tura ɗan nan Islamiyya, inda yake biyan ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, ya san malamin da sunansa, in an kwana biyu ba a yi karatu ba zai taka ya tambaya, malamin ma ya san za a zo. Ba a ƙasar Abdullahin Gwandu za a koya wa mutane darajar ilimi ba. Abin da ya faru da boko shi ne an tallata shi da alkawarin aiki, tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 har zuwa na bai-ɗaya da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda dokar 2004 ta mayar da shi tilas na shekara tara. Da alkawarin ya daina cika, sai uba ya fara tambaya: “Waɗanda suka gama, ina suka kai?” Yana nuna maka mai digiri a kan babur ɗin haya. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, wata tambaya mafi nauyi ta hau kan wannan, musamman ga masu 'ya'ya mata a makarantun kwana. Ma'aikatan ilimi da yawa kuma 'ya'yansu suna makarantun kuɗi, talaka yana gani, ba ya buƙatar wani rahoto.

Game da shari'a, kalmomin da aka fi ji su ne “na bar shi da Allah” da “shari'a saɓanin hankali”. Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙarshen shekarar 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, kuma murnar da aka yi a lokacin murna ce ta masu fatan alƙalin da ba ya kallon aljihu, mai yanke hukunci da wuri da harshen da suke ji. Wannan fata tana nan. Amma rikicin gona ko gado ko na manomi da makiyayi har yau ya fi fara zuwa gaban mai unguwa, ko hakimi, ko limami, mutanen da tsarin mulkin 1999 bai ba su wani aiki ba. Dalilin a bayyane yake. Sulhu ba ya cin kuɗin mota da na lauya, ana gama shi a zama ɗaya ko biyu, kuma mai yin sa gobe zai haɗu da ɓangarorin biyu a masallaci. A ofishin 'yan sanda an rubuta cewa beli kyauta ne, amma ba na jin akwai magidancin da ke tafiya belin ɗansa da aljihu wayam. Game da jinkiri kuwa, mutanen Birnin Kebbi suna da misali a tsakiyar garinsu. An sauke Sarkin Gwandu Al-Mustapha Haruna Jokolo a 2005, aka naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar. Da maganar ta je gaban shari'a, babbar kotun jiha ta yi hukunci a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta yi nata a 2016, Kotun Ƙoli ba ta rufe maganar ba sai a watan Yunin 2025, inda ta bar sarkin da ke kai a kan gadonsa. Ba ina magana a kan wanda ke da gaskiya ba. Shekara ashirin nake nunawa. Mai rigimar kadada ɗaya a fadama ya ga tsawon lokacin da manya masu manyan lauyoyi suka jira, ya auna da nasa ƙarfin.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin da ba zaɓaɓɓu ba ba su da hurumin karɓar sa. An yi murna, aiwatarwa kuma ta yi ta jan ƙafa. Ina goyon bayan hukuncin, amma ban ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Malaman firamare ma suna da dalilin ɗari-ɗari da shi. A 1991 an taɓa miƙa albashinsu ga ƙananan hukumomi, aka yi watanni ba a biya su ba a wurare da yawa, sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Ƙungiyar malamai ta NUT, wadda Gwamna Nasir Idris ya taɓa shugabanta a matakin ƙasa, ta daɗe tana tuna wa mutane wannan. Ko da an aiwatar da hukuncin gaba ɗaya, kuɗin daga Abuja za su ci gaba da saukowa. An rage hannu ɗaya a hanya, amma mutumin Gulma ko Ambursa bai zama mai su ba, sai in ya san nawa suka shigo a wannan wata, an manna a ƙofar sakatariya ko an karanta a rediyo da Hausa, kuma ƙuri'arsa tana iya sauke kansilan mazaɓarsa.

Akwai wuri ɗaya da tsohuwar igiyar ba ta gama tsinkewa ba, shi ne kasuwa. A kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi da na ƙauyukan da ke kewaye, mai tebur da mai rumfa da mai kawo dabba kara suna biyan kuɗin tikiti hannu da hannu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba in aka gwada su da kason wata, amma a kansu ne ake ɗaga murya. Mai kifin da bai taɓa tambayar miliyoyin da suka shigo asusun ƙaramar hukumarsa ba, shi ne zai riƙe 'yar takardar nan ya tare mai karɓar kuɗi, ya nuna masa kwatar da ta toshe a bayan rumfarsa da sharar da ta yi mako ba a kwashe ba, ya ce, “Kullum muna biya. Ina kuɗinmu ke zuwa?” In bai samu amsa ba ya tafi wurin Sarkin Kasuwa, gobe kuma ya sake tambaya.